Ƙwai Arba'in a Firijin Baban Wezi

Alhamis 5 ga Yuni, ƙarfe 7 na safe

Mijina Baban Wezi ne ya ce in riƙa rubutawa a waya duk sanda na juya ƙwai, wai kaina ba ya riƙe abu. To ga shi na fara. Yau muka zuba, guda arba'in cif.

Tun Afrilu da annoba ta share min kajina, ko ɗaya ba ta bar min ba, yake ta fama da mataccen firijin nan da ya tsinto a bola bayan kasuwa. Ya kwashe kayan cikinsa, ya sa gulob biyu da 'yar fanka da farantin ruwa a ƙasa, ya yanka ƙofar ya liƙa ɗan gilashi, ya ja waya zuwa batirin sola. Ƙwan kuma na ƙauye ne, rediyo ya gyara wa mutane ya ce su sallame shi da ƙwai. Maƙwabta sai dariya suke, wai duk garin Lundazi ba a taɓa ganin firiji mai zafi ba sai a gidan Yotamu, sunan mijin nawa ke nan.

Ya kafa min doka kamar ina aji ɗaya. Juyi sau uku, shida na safe, ɗaya na rana, takwas na dare. Kowane ƙwai ya yi mishi alama da fensir, gicciye a gefe ɗaya, zagaye a ɗaya gefen, don in san wanda na juya. Jar lambar da ke jikin ƙofa ta tsaya a 37.5. In wanke hannu. Kada in daɗe da ƙofa a buɗe. Kwana ashirin da ɗaya.

Na ce, "Kaza ba ta je makaranta ba, kuma tana yi."

Ya ce, "Kaza ba ta barin ƙwai ta tafi gulma gidan NyaZimba."

Ya yi ta dariya har tarin ya taso mishi, sai da ya zauna a kan bokiti.

Juma'a 6 ga Yuni, ƙarfe 1 na rana

Na juya. 37.5. Loma biyu ya yi wa sima, tuwon masarar da na tuƙa, ya ture kwanon.

Lahadi 8 ga Yuni, ƙarfe 5 na yamma

Ba mu je coci ba. A bayan mashin aka kai shi asibiti, ni ina riƙe da shi ta baya kada ya zame. An ba shi gado kusa da taga.

Nas ta duba katinsa ta ce, "Tun yaushe ya daina zuwa karɓar maganinsa na wata-wata?" Ni na sunkuyar da kai. Shi ya juya fuska bango. Ni dai nawa ban taɓa fashi ba, yana nan cikin gwangwanin gishiri, kowa gishiri ya ɗauka. Na yi maganar tun Janairu har na gaji. Ba zan sake yin ta a nan ba.

Da ya ɗan farfaɗo abin da ya fara tambaya, wa ya juya na ƙarfe ɗaya. Ba wanda ya juya. Na ce mishi na bar wa maƙwabciyarmu NyaZimba. Sai yanzu da na dawo na juya.

Talata 10 ga Yuni, ƙarfe 7 na safe

Na juya. 37.4.

Yanzu da gaske na bar wa NyaZimba na rana, tunda ni ina asibiti tun safe da autana Temwa goye a baya, Wezi kuma tana makaranta. NyaZimba katanga ɗaya muke da ita, fanke take soyawa ta sayar a tasha. Jiya na dawo na ga shatin yatsu suna ƙyalli a jikin ƙwai wajen biyar.

Na ce, "'Yar'uwa, don Allah ki riƙa wanke hannu da sabulu. Ya ce mai yana toshe musu numfashi."

Ta ce, "Ƙwai ne yake numfashi? Ta ina? Kai, ku da mijinki sai an kai ku an duba."

Amma ta wanke. Yau ma da sassafe ta leƙo ta katanga tana ɗaga min hannu biyu, wai in gani, ko limamin coci bai kai ta tsarki ba.

Alhamis 12 ga Yuni, ƙarfe 4 na yamma

Kwana bakwai. Na haska su kamar yadda ya koya min. Na shiga ƙarƙashin bargo da tsakar rana, na ɗora kowanne a kan tocilar waya. Wayyo, abin mamaki. Jijiyoyi ja-ja kamar saƙar gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya yana motsi. Talatin da uku sun kama. Bakwai fes suke ba komai, na dafa su, na ba yara, na kai mishi biyu.

Rabin gwaiduwa ya ci. Ya ce, "Talatin da uku? Kin ƙirga da kyau kuwa?" Na ce sau biyu. Ya lumshe ido yana murmushi. Leɓensa duk ya tsattsage.

Sai ya ce in ɗauko waya in rubuta. Ranar Litinin 23 in yi juyin ƙarshe, in cika farantin ruwa, in rufe. Daga nan ko me na ji a ciki kada in buɗe, iska tana busar da su su maƙale a ɓawo.

Na ce, "Ai kana gida lokacin, kai za ka yi abinka."

Ya ce, "Rubuta dai, Maman Wezi."

Na rubuta.

Juma'a 13 ga Yuni, ƙarfe 8 na dare

Na juya. 37.5.

Mutanensa sun iso daga ƙauye. Yayansa Fwasani, da Gwaggo, yayar babansu, ita ce babba da ta rage a gidansu. Gwaggo ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya. Ta zauna a bakin gadonsa tana shafa mishi ƙafa, tana kallona.

Fwasani kuwa da muka dawo gida, kafin ya sha ruwan da na durƙusa na ba shi, sai da ya zagaya gidan. Ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon solar da ke kan kwano. Ya kira ni yadda ake kiran matar ƙane a nan, ya ce, "Mulamu, wannan tana ɗaukar talabijin?" Na ce ban sani ba.

Asabar 14 ga Yuni, ƙarfe 6 na safe

Na juya.

Asabar 14 ga Yuni, ƙarfe 5 na yamma

Sun ba ni bargonsa da kofinsa a leda.

Lahadi 15 ga Yuni, ƙarfe 3 na yamma

A ƙarƙashin zanen makokin da aka lulluɓe ni da shi nake wannan rubutun, na rage hasken wayar.

An fitar da kujeru da tebur da gado, ɗakin ya zama fili. An shimfiɗa min tabarma a kusurwa. Matan coci sun cika ɗakin suna waƙa, maza suna waje a rumfa sun hura wuta. Ba ni da izinin tashi sai zagayawa, shi ma da mata biyu a gefena. Ba ni da izinin ɗaga murya. Ba na taɓa tukunya, ba na fita tsakar gida.

Firijin yana ɗan ɗakin girki na baya, taku goma daga inda nake.

NyaZimba ta rarrafo kusa da ni kamar za ta gyara min zane, ta raɗa min a kunne, "Na juya miki 'ya'yanki. Da sabulu." Na matse mata hannu.

Litinin 16 ga Yuni, ƙarfe 2 na rana

Ban san ta inda zan fara ba.

Jiya bayan NyaZimba ta yi juyin takwas, 'yan mawaƙa suka zo da lasifika. Ana neman wuta, sai wani a cikin maza ya ce ai ga batir can a baya yana ta aikin banza a jikin mataccen firiji. Suka cire suka kai rumfa. Suka haɗa lasifika da fitila, kowa kuma ya miƙo wayarsa. Ina jin waƙar tana tashi da ƙarfi har ina cewa a raina an girmama shi. Ban sani ba.

NyaZimba tana can kan manyan tukwane tun asuba, ba ta samu leƙawa ba sai wajen tara. Ta tarar da duhu. Ta ce ƙwan sanyi ƙalau kamar duwatsun rafi. Da wannan sanyin na Yuni, lokacin hunturunmu a nan.

Daga kan tabarma nake jin muryarta a waje. "Makoki kuka zo ko caji? Kai mai jar hula, cire wayarka kafin in jefa ta a tukunyar wake!"

Sai muryar Fwasani, "Ke wace ce a gidan nan? Ana batun mutum kina batun ƙwai?"

Ta ce, "Mutumin da kake faɗa shi ya zuba su da hannunsa. Matsa min."

A kai ta ɗauko batirin ta dawo da shi. Ya riga ya shanye. Sai da rana ta take kafin gulob ya kama, lambar tana 19. Ta ce a hankali take hawa.

Na yi kuka har na shiɗe. Matan suna ta bubbuga min baya suna cewa, Allah sarki, ta so mijinta. Ni kaina ban san wanne nake wa kukan ba.

Talata 17 ga Yuni, ƙarfe 6 na yamma

An kai shi. An ce in zuba ƙasa, na zuba. Wezi ta ƙi, ta ɓoye hannunta a baya.

Laraba 18 ga Yuni, ƙarfe 4 na yamma

An yi zaman dangi. Za su koma ƙauye su ƙarasa casar masara, su dawo ranar Juma'a 27 a yi min askin takaba a raba kayansa. Wannan na san da shi, na ga an yi wa wasu.

Abin da ban shirya wa ba shi ne da Fwasani ya gyara murya ya ce, "Sai maganar yara. Shanun aure mun biya, yara namu ne. Temwa yana nono, ya zauna tukuna. Wezi za ta bi ni. Mulamu ba ta da gona a nan, ba ta da sana'a. Da me za ta ciyar da biyu?"

Wezi shekararta tara, aji uku take. A ƙauyensu makaranta tafiyar awa biyu ce, matar Fwasani kuma goyo ne da ita da wani a ciki. Na san aikin da ake nema wa Wezi.

Ba a yarda in yi mishi magana kai tsaye ba, sai na durƙusa gaban Gwaggo na ɗaga murya yadda za ta ji. Na ce ina da ƙwai a ɗaki, in sun fito kaji ne, da kaji na riƙe gidan nan shekara shida.

Fwasani ya yi dariya ta hanci. "Firijin ƙanena, batirin ƙanena, ƙwan ma da guminsa ya samo. Ina naki a ciki?"

Gwaggo ta daɗe tana murza ƙullin tabarta. Sannan ta ambace ni da sunan gidanmu, NyaMtonga, ta ce, "Kaza ta mace ce, wannan haka muka taras. Ƙwai a akwatin namiji kuma na namiji ne. In mun dawo mun tarar da kaji, NyaMtonga tana da abin riƙe yara, Wezi ta zauna. In ƙwai muka tarar, a sa su a rabo, yarinya ta bi yayan ubanta."

Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin zane. Alhamis 26 ne kwana ashirin da ɗaya. Ina da rarar kwana ɗaya. In akwai mai rai a ciki.

Alhamis 19 ga Yuni, ƙarfe 1 na rana

Sun tafi. Gidan tsit.

Na haska. Ashirin da shida suna motsi. Bakwai sun tsaya, jini ya yi musu zobe. Na binne su a bayan masai.

Ashirin da shida. Na gode wa Allah. Na juya ga inda Baban Wezi yake zama zan faɗa mishi.

Juma'a 20 ga Yuni, ƙarfe 1 na rana

Na juya. 37.5. Na tuƙa sima ta mutum huɗu. Mantuwa.

Asabar 21 ga Yuni, ƙarfe 6 na yamma

Kwana biyu ba rana, hadari ne kawai ya rufe sama da iska mai sanyi. Lambar ta sauka 36.8. Na cire fitilar ɗaki, na hana kowa caji, wannan wayar ma a gidan NyaZimba ake sa min. Na lulluɓe firijin da bargon nan na asibiti. Ban wanke shi ba tukuna.

Ban faɗa wa Wezi komai ba. Amma ɗazu na same ta tsugune gaban gilashin, ta manna goshi, tana magana ƙasa-ƙasa. Da ta gan ni ta miƙe ta ɗau tsintsiya. Ashe tana bayan ƙofa ranar Laraba.

Lahadi 22 ga Yuni, ƙarfe 6 na safe

Na juya. Ba na iya cin komai, amma dole in sa wani abu a ciki kafin in buɗe gwangwanin gishiri. Na sha ruwan koko.

Litinin 23 ga Yuni, ƙarfe 7 na safe

Juyin ƙarshe. Na cika farantin da ruwan ɗumi, na ƙara soso a ciki, na shimfiɗa musu tsohon zane a ƙasa. Na rufe, na tokare ƙofar da turmi saboda Temwa ya fara jan abubuwa.

Na karanta abin da Baban Wezi ya sa na rubuta ran sha biyu ga wata, in ga ko na manta wani abu. Ban manta ba. Na sake karantawa dai.

Laraba 25 ga Yuni, ƙarfe 3 na yamma

Ba abin yi sai kallo ta gilashi. NyaZimba ta kawo min fanke uku ta zauna ta ga na ci. Ta ce, "Kin rame kamar kazar da ta yi kwanci. Saura ki fara saran mutane." Na yi dariya, karo na farko. Sai kuma na ji kunya, na leƙa ko wani ya ji.

Alhamis 26 ga Yuni, ƙarfe 6 na safe

Shiru.

Alhamis 26 ga Yuni, ƙarfe 12 na rana

Shiru. 37.5. Ruwa yana nan. Na kasa kunne a jikin ƙofa, fanka kawai nake ji.

Alhamis 26 ga Yuni, ƙarfe 6 na yamma

NyaZimba ta je wajen mai sayar da 'yan tsaki a kasuwa ta tambaye shi. Ya ce ƙwan da ya sha sanyi a tsakiya yana makara, kwana ɗaya ko biyu. Ta tsaya nan. Na ce, sai me kuma ya ce? Ta ce, "Ya ce in zai fito ke nan."

Sun iso tun yau. Fwasani, da matarsa, da Gwaggo. Ya yi hayar ƙaramar motar kaya, gobe sha biyu za ta zo. Matar ta kawo 'yar jaka mai zif, ta ajiye kusa da tabarmar Wezi, ta ce, "Ki zuba kayanki tun yau, 'yata, kada gobe a yi ta nema."

Wezi ta zuba. Har da littattafanta.

Juma'a 27 ga Yuni, ƙarfe 6 na safe

Uku sun yi 'yar tsaga, kamar an taɓa da bakin allura. Ɗaya yana girgiza. Ba wanda ya fito.

Juma'a 27 ga Yuni, ƙarfe 4 na yamma

Bari in rubuta tun ban manta yadda aka yi ba.

Da safe aka yi min aski, kaina sai iska yake sha. Aka fito da kayansa tsakar gida aka baza a kan tabarma. Gwaggo tana kan kujera 'yar tsugune, tana nunawa da sanda. Gado na Fwasani. Keke na Fwasani. Akwatin kayan gyara na wani ɗan baffansu. Riguna, takalma, kwat ɗin aurenmu, kowa ya samu. Ni aka bar min tukwanena da tabarmi biyu. Ban ɗaga kai ba.

Sai Fwasani ya tafa hannu ya ce, "Saura na baya." Har ya sa an jingina tsani a jikin kwano.

Na rarrafa gaban Gwaggo. Na ce, "Gwaggo, sun fara fasawa. Kwana ɗaya nake roƙo."

Ya ce, "Kwana ashirin da biyu yau, mulamu. Baragurbi ne. Gwaggo da bakinta ta ce kaji ko ƙwai. To ni ban ga mai fuka-fuki ba. Mota kuma ba za ta kwana tana jirana ba."

NyaZimba daga kan katanga ta ce, "Da ba ku yi rawa da batirin ba ran makoki, da yanzu suna tsattsagar ƙafarka."

Ya ce, "Wa ya sa baki da mai fanke?"

Gwaggo ta dogara sandarta ta miƙe. Ta shiga ɗakin girkin, ta ce a ba ta kujerarta a gaban firiji. Ta ce, "Buɗe."

Na tsaya. Baban Wezi ya ce ko me na ji kada in buɗe. Na ce, "Gwaggo, iska za ta busar da su."

Ta ce, "To ki bar su a rufe ya zuba a mota. Zaɓi."

Na ture turmin. Na jiƙa zane da ruwan ɗumi na rufa musu, na riƙa zaro mata ɗaya-ɗaya ta ƙarƙashi. Ta karɓi na farko, ta auna shi a tafin hannu, ta kai kunne, ta lumshe ido. Ta ce, "Wannan ya yi kuka. Abin da ya yi kuka ya bar zama ƙwai. Na mace ne." Ta miƙo min.

Na biyu, "Ya yi kuka." Na uku, "Ya yi kuka." Na huɗu ta juya shi ta shinshina, ta ce, "Wannan shiru. Fwasani, tara hularka."

Da aka kai wajen na goma Fwasani ya kasa haƙuri. "Haba Gwaggo! Ke da ba kya jin ƙararrawar coci, ke ce za ki ji kukan ɗan tsako a cikin ɓawo?"

Ta ce, "Ƙararrawa ba ni na raine ta ba. Kaji kuwa tun ubanka yana yawo ba wando nake kiwonsu. In kana da kunnen da ya fi nawa, zo ka zauna a kujerar, ka zama babbar gidan."

Bai zo ba.

Sha tara ta ba ni. Bakwai a hularsa. Batir da sola kuma ta ce nasa ne, wannan ba ta da yadda za ta yi, kayan namiji ne. Ina kallo suka kwance wayoyin, jar lambar ta mutu. Gangar firijin ya ce ba zai ɓata wuri a mota da bola ba.

Direba yana ta hon. Matar Fwasani ta ɗau jakar Wezi ta kama hannunta. Gwaggo ta ce, "Ajiye. Ni ba yau zan tafi ba, ƙafata tana ciwo. Zan zauna in ga abin da zai fito. In ba komai, ni zan taho da ita." Suka tafi da gadonmu a ɗaure a sama, ƙafafunsa suna kallon sama.

Yanzu ba wuta, ba fanka, ba lamba. NyaZimba ta kwaso kwalabe takwas daga tasha. Mun hura gawayi, muna tafasa ruwa muna ɗurawa, mu naɗe da tsumma mu jera a gefe, mu rufe da sauri. Gwaggo ce ma'auninmu. Takan zura hannu ta ɗora ƙwai a fatar idonta, ta ce ƙara, ko ta ce cire ɗaya za ki dafa su.

Asabar 28 ga Yuni, ƙarfe 7 na safe

Ba wanda ya runtsa. Duk awa ɗaya canjin kwalba. Na ƙone a yatsa biyu.

Da gari ya fara wayewa na farko ya fito. Jiƙe sharkaf, mummuna, ya kwanta kamar ya mutu. Na ce shi ke nan. Gwaggo ta ce, "Bar shi, gajiya ce. Ke da kika haihu tashi kika yi da gudu?" Can sai ya ɗaga kai ya tsala kuka.

Biyar yanzu.

Asabar 28 ga Yuni, ƙarfe 3 na yamma

Sha ɗaya. Biyu sun maƙale, fatar ciki ta bushe ta manne musu kamar takarda, yadda Baban Wezi ya faɗa. Gwaggo ta riƙa ɗiga musu ruwan ɗumi da gashin kaza tana ɓarewa kaɗan-kaɗan da farce. Ɗaya ya fito lafiya. Ɗayan jini ya ɓalle mishi, ya mutu a tafin hannunta. Ta daɗe tana kallonsa. Sai na ga hawaye yana bin tamojin fuskarta, ta ce, "Yotamu a hannuna aka haife shi." Iyakar abin da ta ce ke nan. Tun da ta zo ba ta tambaye ni me ya same shi ba. Ina jin ta sani.

Da muka zauna shan koko na matsa kusa na ce, "Gwaggo, tsakani da Allah, jiya kin ji kukan nasu?"

Ta ce, "Me kika ce?"

Na maimaita da ƙarfi.

Ta ce, "Ɗaga murya, 'yar nan, kin san kunnena." Ta ci gaba da shan kokonta.

Lahadi 29 ga Yuni, ƙarfe 2 na rana

Sha biyu ne masu rai. Shida da suka rage shiru. Gwaggo ta fasa biyu ta duba, ɗaya ɗan tsako ne cikakke har da gashi, bai dai samu ƙarfin fasawa ba. Ɗayan ruwa ne mai wari. Ta ce a binne duka, an gama.

Daga arba'in, sha biyu. Ban sani ba ko da zai ce na yi ƙoƙari, ko ya ce na buɗe ƙofa.

Na sa su a kwali da ɓuntun masara a ƙasa, da 'yar tukunyar ƙasa mai garwashi a tsakiya. Na tsoma wa kowanne baki a ruwa. Suna ta turereniya.

Litinin 30 ga Yuni, ƙarfe 10 na safe

Gwaggo ta tafi.

Tun da sassafe ta ɗaura zaninta ta sa aka kira mai mashin. Jakar Wezi tana nan a bakin ƙofa a zuge tun Juma'a, ba wanda ya taɓa. Gwaggo ta tsuguna gaban kwalin ta ƙirga da bakin sanda, sau biyu.

Ta ce, "Sha biyu ba dukiya ba ce, NyaMtonga. Shaho zai ci, sanyi zai ci, annoba tana nan ba ta mutu ba. Rabinsu ma zakaru ne."

Na ce, "Haka ne, Gwaggo."

Ta nuna wata mai baƙin kai. "Wannan tawa ce, ladan ungozoma. Ki riƙe min. Zan dawo farkon damina in ɗauki abata. Ranar zan san ko da kaza zan koma gida ko da yarinya."

Ta hau mashin da ƙyar, NyaZimba tana tura ta ta baya. Ba ta waiwayo ba.

Wezi ta makara makaranta, na ce ta bari sai gobe. Ta zuge jakar ta fito da littattafanta da rigar makaranta, sauran kayan ta bar su a ciki. Na ce ta kwashe duka. Ta ce a'a, haka ya fi.

Tana tsugune gaban kwalin yanzu. Ɗazu ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Mama, guda nawa ne za su mutu kafin a ce in tafi?"

Na ce ta je ta wanke hannu da sabulu ta zo ta ɓarza musu masara.